Bangon Torkula Fenta

"Ku ajiye mini tanda! Na ce ku ajiye, ba ku ga da masa a kanta ba?"

Sailuba ta kama kunnen tandar da bakin zaninta tana ja, ma'aikacin duba-gari na ja ta ɗaya ɓangaren da tsumma a hannu. Zafi ya ci yatsunta, ta saki. Masar da ta soma yin ja ta zube ƙasa, wasu suka gangara cikin kwata, baƙin ruwan ya haɗiye su ko motsi bai yi ba. Masu jiran masa suka ja da baya riƙe da kwanukansu.

Shugaban ma'aikatan na tsaye gefe, takunkumi rataye a haɓarsa. Ɗanmusa ne, ɗan wannan layin na Akurba, wanda uwarsa ke aikowa sayen masa wurinta tun bai iya ɗaura wando da kansa ba.

"Mama, ki yi haƙuri, doka ce," ya ce, idonsa a ƙasa. "An hana sayar da abinci a bakin kwata."

"Ni na kawo kwatar nan, Ɗanmusa? Ina nan ina tuya tun ruwanta na gudu. Ku kwashe kwatar mana! Ko don tanda ta fi sauƙin ɗauka?"

"Ki zo ofis, za mu yi magana."

"Wace magana? Ƙullun da na kwana da shi fa, in shanye?"

Aka jefa tandar bayan wata tsohuwar a-kori-kura da aka bari can bakin titi, don mota ba ta iya shigowa layin.

Daga tsallaken kwatar wata murya ta taso, cikin natsuwa kamar ba abin da ke faruwa.

"Oga, ka shafa da kyau. Can sama ya rage. Ba haka ake riƙe rolan fenti ba, ka danna shi kaɗan."

Torkula ne, maƙwabcinta mai fenti, zaune a kan tsohon gwangwani, yana nuna wa wasu ma'aikata biyu yadda za su shafe bangon shagonsa da farin fenti. A ƙarƙashin farin har yanzu ana iya ganin abin da ya jawo zuwansu. Wani ƙaton sauro ne cikin babbar riga da hula, riƙe da almakashi yana yanke kyalle a bakin kwata, ɓeraye sun yi anko suna tafi. A sama an rubuta: BIKIN BUƊE SABON ƊAKIN HAIHUWA NA SAURO. A kusurwa kuma ga duba-gari, shara ta kai masa gwiwa, ya sunkuya da madubin ƙara girma yana neman ƙuda cikin tandar wata mata. Wani ya ɗauki hoton bangon da waya, ya zaga Lafia, har ya kai ofis. Tun da Sailuba ta ji haka ta san za a zo. Abin da ba ta zata ba shi ne a kanta abin zai ƙare.

Ta taka katakon da ake haye kwatar da shi, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

"Baban Doose, ka ga abin da ka jawo mini?"

"Maman Nasiha, ka yi haƙuri," ya ce da irin Hausarsa wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. "Amma ka gani ko? Abin da na zana, shi suka zo suka yi. Ko gyara ɗaya ba su yi ba." Ya kwashe da dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Dariya ma kake yi? Kai ka zauna ka zana, ni a ɗauke mini abin da nake ci da shi. Wallahi daga yau ko gaisuwa kada ta ƙara haɗa mu."

Ta juya ta ɗauki robar ƙullunta ta shige gida, ta buga ƙofar langalanga har kaji suka watse.

Sun daɗe suna maƙwabtaka. Torkula mutumin Tibi ne daga wani ƙauye can bayan Assakio, ya shigo Lafia yana saurayi da burushi uku cikin leda. A zamanin da sana'ar ke ci, ba shagon aski ko gidan abinci a wannan ɓangaren da allonsa bai fita daga hannunsa ba, kuma masu manyan motocin doya har layi suke yi don ya zana musu zaki a baya. Da injin buga bana, wato kyallen talla, ya shigo gari, aiki ya ɗauke. Ya tsufa, ciwon suga ya kama shi, ya rage sai shi da gwangwanayen fenti da babban bangon shago da ba mai biyan ko sisi don a taɓa shi. Matarsa Cordelia ce ke riƙe da gidan da sayar da gari da manja a kasuwa.

Zanen ya soma ne shekarar da aka ƙaddamar da sabon shirin tsaftace gari. An zo layinsu da kiɗa da rumfa, aka jera manyan bokitan shara kore guda-guda, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka ce mota za ta riƙa zuwa kowane mako. Washegari aka dawo aka kwashe bokitan, wai za a sa musu lamba. Ba su dawo ba, motar ma ba a taɓa ganin ƙurarta ba. Bola ta ci gaba da hawa a bakin layi har ta fi katangar makaranta tsawo, kwalbatin da ke ƙarƙashin titi ya toshe, kwata ta tsaya cak. A lokacin ne Torkula ya zana bokitin shara da fukafukai yana tashi sama, jama'a na ɗaga masa hannu. Layin ya yi kwanaki yana dariya. Daga nan duk lokacin da abin ya motsa masa sai ya goge ya sake wani.

Da a kan hukuma kawai ya tsaya, da Sailuba ba ta taɓa jin haushinsa ba. Amma Torkula bai bar kowa ba. Ya zana mai shagon da ya gina matakala a kan kwata. Ya zana masu gidan hayar da suka saki bututun ban-ɗaki cikin layi. Wata safiya kuma aka wayi gari da hoton hadari ya haɗo, ga wata mata mai ƙaton ɗaurin ɗankwali da wushirya ta fito da gudu ɗauke da bokitin shara za ta juye a kwata, a ƙasa an rubuta: MOTAR SHARA TA ISO. A layin kaf mace ɗaya ce mai wushirya irin wannan. Da ta je ta same shi, cewa ya yi, "Ni ban rubuta suna ba. Idan kai ne, to kai ka faɗa." Kowa a layin yana yin haka da zarar ruwa ya sauko, ina kuma za su kai sharar? Amma ita aka zana. Wannan bai taɓa barin ranta ba.

Sai da ta yi ta sintiri ofis kafin aka ba ta tandarta, kunne ɗaya a lanƙwashe. Ta mayar da tuyar cikin zaure, hayaƙi ya riƙa cika mata ido, masu wucewa kuma ba sa ganinta. Ciniki ya ragu da rabi. Ta daina aika wa gidan Torkula masar da ta saba aikawa ranar Lahadi in sun dawo daga coci. In ya ce, "Maman Nasiha, ina kwana," sai ta kau da kai ta ci gaba da fifita wuta.

Shi kuwa farin fentin na bushewa ya jingina tsani. "Gwamnati ya ba ni firaima, shafen farko, kyauta," yake gaya wa duk wanda ya tsaya. Sabon zanen mutum ne cikin rigar ma'aikata yana shafa wa bango fari da iya ƙarfinsa, a bayansa bola ta yi tsiri har ta sa hula tana leƙa kafaɗarsa. Rubutun ya ce: AN TSAFTACE BANGO. Sailuba ta hango ta ramin ƙofa, dariya ta kufce mata, ta yi sauri ta toshe baki da mayafi don kada a ji.

Wani babban ruwan sama ya zo wata Asabar bayan azahar. Bai ɗauki lokaci ba kwata ta cika ta tumbatsa, baƙin ruwa ya bi layi yana shiga gida-gida da duk abin da aka taɓa zubawa. Ya shiga zauren Sailuba ya kashe murhu, ya wuce ɗaki ya ɗaga tabarma. Ta tsaya a bakin ƙofa da buhun shinkafar masa a ka, ruwa a ƙwaurinta, tana kallon mazan layin da suka taru ƙarƙashin rumfar wani shago kusa da kwalbati.

"Aikin hukuma ne wannan," in ji wani.

"A kira su mana."

"An kira, waya a kashe."

Muhammad Auwal, wanda ke jagorantar taron layin duk lokacin da aka yi, yana ta bayani da hannu cewa abin da ya kamata shi ne a kafa kwamiti bayan ruwa ya ɗauke. Ana cikin haka Torkula ya fito daga gidansa, wando naɗe har cinya, silifas a ƙafa, manjagara a kafaɗa. Cordelia na bin sa tana magana da ƙarfi cikin Tibi. Bai juyo ba. Ya sauka bakin kwalbatin, ruwa ya kai masa ƙugu, ya soma tona.

Ya jawo tsohuwar taya. Ya jawo rabin katifa. Ya jawo ƙullin leda da tsummoki kamar hanjin wata dabba. Da samari suka ga haka kunya ta kama wasu, suka sauka suka kama masa. Can sai aka ji wani gurnani daga ƙarƙashin titi, ruwan ya juya ya soma tafiya da ƙarfi. Aka ɗauki ihu da tafi.

Da aka jawo shi waje silifas ɗaya ne a ƙafarsa. Daga tafin ɗaya ƙafar jini ke zuba, ruwan sama na wanke shi yana sake fitowa.

"Kwano ne mai tsatsa," ya ce yana haki. "Ƙaramin yanka. Ba komai."

"Kana da suga!" Cordelia ta ce da Hausa don kowa ya ji. "Mutumin nan yana da suga, ku gaya masa!"

Aka gaya masa. Ya shiga shago ya zuba wa wurin kananzir, ya ɗaure da tsumman goge burushi. Sailuba na kallo daga ƙofarta. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, ta tuna ba sa magana, ta koma ciki kwasar ruwa.

Kwanaki suka wuce ba ta ga an jingina tsani ba. Ta ce a ranta layi ya huta. Sai wata safiya tana cikin tuya Cordelia ta shigo zauren, ba ta je kasuwa ba, idanunta sun kumbura.

"Maman Nasiha, ka zo ka yi masa magana. Ni ba ya ji nawa. Fasto ya zo, bai ji ba. Kai ne kawai kake zaginsa ya yi shiru."

"Ni ba ruwana da mijinki, Maman Doose."

"Ƙafan ya yi baƙi."

Sailuba ta ajiye cokalin juya masa. Ta janye itacen, ta yafa mayafi.

Tun daga tsakar gida warin ya tare ta, kuma ba warin kwata ba ne, wannan ta riga ta saba da shi. Torkula na kwance a kan gado, layin da ruwa ya bari a bango ya kusa kai tsayin katifar. Ƙafar na kan gwangwanin fenti, ta kumbura kamar turmi, yatsun sun yi launin gawayi. Gumi na tsattsafo masa amma yana rufe da bargo.

"A'a, yau manyan baƙi," ya ce. "Ka huce?"

"Ban huce ba. Tashi."

"Ina shan magani, mai kemis ya ba ni..."

"Mai kemis ɗin banza! Kai da kake zana mutane kana cewa ba su da hankali, dubi ƙafarka. Da wani ne ya yi haka da tuni yana kan bango. Ka tashi ko in tara maka layin nan kaf."

Ya dube ta, ya dubi ƙafar. Cordelia ta soma haɗa kaya cikin jaka.

Mai keke napep ya ƙi shigowa, ya ce taɓon zai riƙe shi. Dole Muhammad Auwal ya aro baro wurin masu gini, aka shimfiɗa bargo, aka ɗora Torkula ƙafar na lilo a gaba. Ana tura shi ta gaban bola ya ɗaga murya, duk da rawar da take yi.

"Jama'a ku shaida! Yau dai an kwashe shara ɗaya a layin nan!"

Wasu suka yi dariya. Sailuba ba ta yi ba. "Rufe mana baki," ta ce, tana riƙe da gefen baron don kada ya kife.

A asibiti likita ya buɗe ƙafar, ya rufe, ya kira Cordelia gefe. Sai an yanke, daga ƙasan gwiwa, kuma da gaggawa. Torkula ya ce atafau. Da wace ƙafar zai hau tsani? 'Yarsu Doose ta zo daga Makurdi inda take koyarwa, ta durƙusa a gaban gadon tana kuka, ya shafa kanta ya ce a ba allura lokaci ta yi aiki. Kullum da rana Sailuba na zuwa da kunun gyaɗa ba suga cikin fulas, ta zauna a kan benci, ta yi masa faɗa har ta gaji, ta koma gida ranta a ɓace. Tagar ɗakin da aka kwantar da shi na kallon bayan gini, inda wata kwatar ke kwance, kore shar, sauro na tashi daga cikinta tun kafin la'asar. Ya nuna mata da haɓa. "Reshenmu ne," ya ce.

Tana nan ranar da Ɗanmusa ya shigo, ba rigar aiki, da ledar lemu a hannu. Ya gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"Baba, na ji abin da ya faru. Allah ya ba da lafiya." Ya ajiye ledar lemun. "Kuma oga ne ya aiko ni. Za a kawo manyan baƙi duba shirin tsafta, ta titinmu za su bi. Ya ce tunda hannunka ya yi suna, in ka warke a ba ka aikin zana bangon bakin titi. Iyali suna murmushi suna zuba shara a bokiti, irin wannan."

"Wane bokiti?" in ji Sailuba. "Wanda aka tafi sa wa lamba?"

Ɗanmusa ya sauke ajiyar zuciya. "Mama, ni ma a layin nan uwata take, ruwan nan ya shiga ɗakinta. Mota ɗaya gare mu, tana kan duwatsu a bayan ofis, ba taya. Mun rubuta har mun gaji. Bokitan kuwa..." Ya waiga, ya rage murya. "Su ke nan gaba ɗaya. In za a yi biki a wata unguwa sai a kai su can, a ɗauki hoto, a dawo da su sito. Har garin Arikya sun je."

Torkula ya buɗe ido sosai. Dariya ta taso masa, ta koma tari, ta sake dawowa dariya.

"Bokiti yana yawon biki! Kai, wannan ya fi nawa duka. Doose, ba ni biro. Ba ni kwalin can."

Ta yago gefen kwalin ruwan da ake ƙara masa, ta ɗora a kan cinyarsa. Ya kama biron. Sailuba ta sha ganin hannun nan yana jan layi daga saman bango har ƙasa ba tare da ya karkace ba. Yanzu bakin biron rawa yake yi a kan kwalin. Ya ja abin da ya kamata ya zama bakin bokiti, layin ya zarce ya faɗa kan bargo. Ya sake. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa goshi. Can ya saki biron ya gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya sunkuya ya ɗauko.

"Bokitin zai sa gilashi," ya ce a hankali, idonsa a rufi. "Da jakar tafiya. Mata suna masa guɗa. Maman Nasiha, kai ne a gaba."

"Ka sake zana ni ka gani," ta ce. "Ka bari a yi maka aikin nan, Baban Doose. Sai a yi maka benci mai tsawo ka zauna ka zana. Ni zan riƙe maka gwangwanin."

Ya buɗe ido. Daga baya ya juya wajen 'yarsa. "Ka kira likita."

An yi aikin washegari. Amma likitan ya gaya wa Doose cewa dafin ya riga ya bi jini. Torkula bai ƙara dawowa cikin hayyacinsa sosai ba. In ya farka Tibi kawai yake yi, yana kiran sunayen mutanen da Cordelia ta ce sun daɗe da mutuwa.

Da hantsi ne, Sailuba ta zuba ƙullu a tanda ke nan, Muhammad Auwal ya yi sallama a ƙofar zaure. Bai shigo ba. Ya tsaya ya cire hula, ya sake mayarwa.

"Maman Nasiha, sai haƙuri. Fenta ya cika."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Ta zauna tana kallon tandar. Masar ta kumbura, gefenta ya yi ja, ya yi baƙi, hayaƙi ya cika zauren. Sai da wata mai saye ta taɓa kafaɗarta sannan ta janye wutar.

An kafa rumfa a ƙofar gidan, rabi a kan taɓo. Musulmi da Kirista na layin suka riƙa zuwa gaisuwa, kowa da hannu a hanci har ya zauna. Sailuba na raba ruwa tana jin maganganu. Lokaci ne ya yi. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Wani ma cewa ya yi ai da ya jira hukuma. Ta dangwarar da tiren a gabansa da ƙarfi har kofuna suka yi tsalle.

"Da ya jira, da yanzu kana kwana a kan rufin gidanka," ta ce. "Kana ƙarƙashin rumfa ranar, na gan ka. Ko takalminka bai jiƙe ba."

Aka ba ta haƙuri, aka ja ta cikin gida. Muhammad Auwal ya ce lallai bayan an yi jana'iza za a zauna a kafa kwamitin nan.

Gawar na ɗakin ajiya ana jiran dangi su shirya lokacin da baƙin suka zo. Kwana ɗaya kafin zuwansu aka turo katafila ta ture gaban bolar zuwa baya, inda ba a hangowa daga titi, wato cikin layin. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya fari. Bokitai kore suka bayyana a jere. A kan bangon Torkula aka rataya ƙatuwar bana da injin ya buga: uba da uwa da yara biyu, haƙora farare tas, suna jefa takarda a bokiti. Motocin suka wuce da jiniya, gilasai a rufe, ba wadda ta rage gudu. Kafin magariba an kwashe bokitan. Banar ce kawai aka manta. Ɗanmusa ya zo da kansa ya kwance ta, ya naɗe, ya wuce ta gaban zauren Sailuba bai iya ɗaga kai ba.

Ranar da za a kai shi ƙauye, 'yan cocinsu suka ce sai gawa ta shiga gidanta ta yi sallama. Motar da ta ɗauko gawar ta tsaya a bakin titi. Ruwan da aka yi da asuba ya sake cika kwatar, don abin da katafila ta ture ya koma ya zauna a bakin kwalbatin. Aka jera katakai, maza shida suka ɗauki akwatin, suka shiga da shi suna dafa bango, aka yi addu'a a tsakar gida, suka fito. A kan katako na ƙarshe akwatin ya karkata, mata suka yi salati da kiran Yesu a tare, Muhammad Auwal ya sa kafaɗa ya tare har aka haye. 'Yan kwaya, mawaƙan cocinsu, suka ɗauki waƙa cikin Tibi, a hankali.

Cordelia na biye, ɗaure da zanensu mai ratsin baƙi da fari, Doose na riƙe da hannunta. Idonta na kan akwatin, ba ta ga inda katakon ya ƙare ba. Ƙafarta ta zurma cikin kwatar har idon sawu. Ta zaro ta, baƙin taɓo ya rufe takalmin da ƙafar, ta tsaya a bakin titi tana kallonsa kamar ba jikinta ba. A lokacin ne kukan da ta riƙe tun safe ya ɓalle.

"Zauna nan," in ji Sailuba. Ta zaunar da ita a kan dutsen da aka shafa wa fari, ta karɓi fiya wata guda uku daga cikin wanda aka tanada don hanya. Ta durƙusa, ta cire mata takalmin, ta fasa ledar da haƙori. Ta wanke ƙafar a hankali, tsakanin yatsu, ƙarƙashin tafi, tana dubawa da kyau ko akwai inda ya yanke. Babu. Ta ɗauraye takalmin, ta goge ƙafar da gefen mayafinta, ta mayar mata.

"Ka gode, Maman Nasiha," Cordelia ta ce, ta rasa ma yadda ake faɗa.

"Allah ya ba ki haƙuri. Ku sauka lafiya."

Aka rufe ƙofar motar. Ta tashi a hankali ta hau hanyar Assakio, bas ɗin 'yan kwaya na bin ta, waƙar na raguwa har ta ɓace cikin ƙarar babura. Mutanen layin suka soma komawa ɗaya bayan ɗaya, kowa na taka katakon da hankali.

Sailuba ta rage ita kaɗai a bakin titi, gwiwoyin zaninta sun jiƙe. Ledojin ruwan nan uku na hannunta, fanko. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Ta dubi kwatar da ke kwance a gabanta. Sai ta ninke su ƙanana, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta taka katakon ta nufi gida.